Yadda Aka Zaunar da Sansa a Bencin Baya

Dattijo Gershon ne ya huda salansar motar Zumuntar Mata. Shi da hannunsa, da guduma da wani tsinin ƙarfe da ya taho da shi gida ranar da ya bar aikin reluwe. Har yau yana zaune a kujerar gaba ta majami'a, hularsa a kan gwiwa, yana amsa amin da ƙarfi fiye da kowa. Mama Hulda kuwa, wadda ba ta san ta inda ake buɗe bonet ba, ita aka kira sunanta daga kan bagade, a gaban jikokinta, aka ce tana satar fetur.

Motar dai ta mata ce. Sun yi shekaru suna noman citta a gonar zumunta, su tsaga su shanya a bakin titi, kafin suka haɗa abin sayen wata farar bas 'yar Beljiyam. Da ta iso Kafanchan aka rasa inda za ta riƙa kwana sai gidan Mama Hulda, don nan ne kaɗai ake da get na ƙarfe a unguwar. Mama Hulda gwauruwa ce. Ita ke buga tulu a waƙar zumunta tun kafin a haifi rabin masu ɗaura anko yanzu, kuma tana da ɗan injin markaɗe a ƙofar gida, da shi take ci da kanta. Tuƙi kuwa, babu wanda ya naɗa Gershon. Hannu ya miƙa ya karɓi makulli, ya ce mutumin da ya ja jirgin ƙasa daga nan har Inugu ba za a tsaya ana tambayarsa ko ya iya bas ba.

Aibin motar a wurinsa ɗaya ne: ba ta da murya. Ka tayar da ita ka tsaya kusa, sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Ranar da suka je babban taron mata a Gwantu, suka shiga fili babu wanda ya juyo. Suna cikin sauke tulunansu sai ga matan Gidan Waya a wata tsohuwar bas mai tari kamar za ta amayar da hanjinta. Masu masauki suka ruga da guɗa suka tare su, aka kai musu faten acca da zafinsa. Matan Kafanchan, masu sabuwar mota, gindin tukunya suka samu. Gershon bai ci ba ma. Duk hanyar dawowa yana ta faɗa shi kaɗai, wai bai taɓa ganin injin mutunci ya shiga tasha babu sallama ba, wai a zamaninsu tun jirgi yana Kagoro ake ɗora ruwan zafi a Kafanchan.

Sati bai zagayo ba ya ɗauki motar ya ce zai kai ta wanki. Da ya dawo, tun daga kwanar kasuwa aka san ya dawo. Kaji suka watse, karnuka suka shige bayan gida. Mata suka tambaye shi me ya same ta, ya ce ta saba da iskar ƙasarmu ne, muryarta ta buɗe. Wata 'yar fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari, ya lalubo sitikar bikin godiya ta bara ya manne a kanta.

Daga nan fetur ya fara ɓacewa. Tankin da a da yake kai su Zangon Kataf ya dawo da su har da saura, yanzu sai ya ƙare a hanya. Ran nan mata suka sauka da ankonsu, da ɗankwalinsu mai sitati, suna tura bas a kan tudu, 'yan acaɓa na wucewa suna tambayarsu ko sabuwar rawar zumunta ce. Da suka dawo dattawan ikilisiya suka zauna. Tambaya biyu suka yi wa junansu: a gidan wa motar take kwana, kuma wa ke da injin da ke shan fetur. Ba su kira Mama Hulda ba. Ranar Lahadi ta ji sunanta tare da kowa, tsakanin sanarwar baftisma da ta ɓatan laima, daga bakin Rabaran Silvanus, mutum mai sanyin hali wanda burinsa a duniya a tashi daga kowane zama kafin abinci ya huce.

Wanda bai san horo ba, ga shi. Za a kira sunanka, ka tashi daga inda ka saba zama ka koma bencin baya, kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ba ka cin Jibin Ubangiji, gurasar da ake raba wa masu bi. Ba ka waƙa a gaba. In kuma ka mutu kana can, matan zumunta ba za su sa anko su raka gawarka ba, addu'a gajeriya za a yi a rufe ka kamar baƙo. Mama Hulda tana da hawan jini, ta binne miji, ta binne ƙawayenta da dama, kuma a kowace jana'iza ita ce a gaba da tulu. Ta san abin da ake nufi.

Aka sa wa murfin tanki kwaɗo, Gershon ya riƙe ɗan makullin. Motar ta ci gaba da kwana a gidan Mama Hulda, don har yanzu babu wani mai get. Fetur bai daina ɓacewa ba. Mai hankali zai ce to, ashe ba ita ba ce. Gershon ya ce wa dattawa wannan ya nuna matar ta ƙware.

A bencin baya akwai Serah mai burukutu, wadda ta daɗe a can har ta ɗinka wa wurin zamanta matashi. Ita ta matsa ta ba Mama Hulda wuri, ta nuna mata gefen da rana ba ta kaiwa, ta ce kada ta damu, daga nan ana ganin kowa kuma wa'azi ba ya iso da ƙarfi. Mama Hulda ta ce mata ita ba zama ta zo yi ba. Serah ta ce kowa haka yake faɗa da farko. Amma ita ce ta ba ta labarin wani Bafulatani a gareji, hanyar Kagoro, mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke cikinta. Mama Hulda ta ce abin da take nema ke nan, mai shaida, tunda duk daren duniya daga ita sai motar a gidan.

Sunansa Hammawa. Mama Hulda ta san uwarsa, Nene, da ta daɗe tana kawo mata nono. Ya zo a kan babur da farar riga irin ta asibiti, na'urar a rataye a kafaɗa kamar goran makiyayi, ya ce a riƙa kiransa Dakta. Ta ce ita ta san shi tun yana bin maraƙi ba wando, ya buɗe mota ya yi abin da ya kawo shi. Akwai makulli na biyu da aka bar mata saboda gobara, ta kwance shi daga bakin zani ta ba shi.

Ya ɓare sitikar, ya dubi fitilar, ya yi tsaki. Ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya tayar da inji, ya miƙo mata gilashin na'urar cike da lambobi. Ta ce ya ɗauke mata, ita ba ta yi boko ba, ya buɗe baki ya yi magana.

Sai ya yi mata bayani da ihu, don ƙarar motar. Ya ce a jikin bututun salansa, can kusa da inji, akwai wani ɗan ƙarfe kamar fulogi, ana ce masa sansa. Ba shi da aiki sai shaƙar hayaƙi. In ya ji iska ta yi yawa a hayaƙin, sai ya aika wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana jin yunwa, ita kuma ta ƙara fetur. In ya ji fetur ya yi yawa, ta rage. Ya ce lambobi biyu yake kallo. Ɗaya tana tsalle sama da ƙasa kamar maraƙi, wannan ta yanzu-yanzu ce. Ɗayar kuma tsohuwar saniya ce, ba ta motsi da wuri, halin da motar ta ɗauka ke nan. A mota mai lafiya tana kusa da sifili, biyar nan ko biyar can. Wannan tana kan ashirin da biyar, ta ƙure, babu gaba. A kowace loma motar tana ƙara wa kanta kwata.

"Wato ita ce ke sha," in ji Mama Hulda.

"Ita ce, Inna. Mota saniya ce marar kunya."

"To me ya sa a da ba ta sha?"

Ya ce yanzu za su gani. Ya sa ta hau kujerar direba, karo na farko a rayuwarta, ta taka totur. Motar ta yi kuka har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Lambar mai tsalle ta ɗan sauko. Ta ɗaga ƙafa, motar ta koma silo, lambar ta haye. Hammawa ya ce iska ce ke shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Ya bi robobin saman inji ɗaya bayan ɗaya yana fesa musu wani abu a gwangwani, lamba ba ta kula shi ba. Ya kwance fulogi, ya fito da shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce to injin nan ba yunwa yake ji ba, ɗura ake masa, iskar ba ta cikinsa, tana bakin hancin sansa ne. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ya ba ta ta riƙe, ya shige ƙarƙashin mota. Can sai ta ji yana dariya.

Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta leƙa. Ga ramuka a jikin bututun, a jere, sama kaɗan da sansa, kowanne da zoben baƙin hayaƙi, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida kamar katakon layin dogo. Hammawa ya ce ta nan hayaƙi ke fita, ta nan kuma bututu ke zuƙo iska, sansa ya shaƙa ya ce yunwa. Ya ce ba tsatsa ba ce, kuma ba aikin yaran gareji ba ne, wanda ya yi wannan ya taɓa aikin gwamnati.

Mama Hulda ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta ce ya sa rigarsa su je wurin dattawa. Nan Dakta ya noƙe. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin Kirista da Kirista, rabinsu shi ke duba musu mota, kuma na'urarsa lamba take bayarwa, ba ta ba da suna. In suna so su kira shi a waya.

Dattawa suka zauna a ɗakinsu na bayan majami'a. Ba a ba ta kujera ba, ba ta kuma nema ba. Ta faɗi duk abin da ta gani, da maraƙi da tsohuwar saniya da baƙin fulogi, ta nuna Gershon da yatsa. Ta zo da shirin musu. Ta kwana tana tsara abin da za ta ce in ya rantse.

Bai rantse ba. Ya gyara zama ya ce ƙwarai shi ya huda, kuma da awo ya huda, a je a gwada da tef. Ya ce tun da ya buɗe mata murya, wane taro suka je aka ba su gindin tukunya? Dattawa suka gyaɗa kai, don gaskiya ne, yanzu tun suna nesa ake shimfiɗa musu tabarma. Ya ce ramukansa hayaƙi suke fitarwa. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin ɗigon fetur ɗaya ya fito ta nan. Babu. Ya ce to bisa ga maganar ita kanta Mama Hulda, akwai wani a cikin motar da ke kai rahoton yunwa alhali ana ƙoshe. Wannan a ikilisiya yana da suna. Shaidar zur ce.

Mama Hulda ta ce a kira Hammawa. Rabaran ya kira shi ya buɗe murya ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, dattawa suka sunkuya a kanta. Hammawa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ɗaya daga ciki yaya birkinsa. Da aka zo kan magana ya ce sansa bai yi ƙarya ba, iska ya shaƙa, iska ya faɗa, lafiyarsa ƙalau. Gershon ya matso da bakinsa kusa da wayar ya tambaye shi tambaya ɗaya: injin yana jin yunwa ko ba ya ji? Hammawa ya ce ba ya ji. Sansa ya ce yana ji? Ya ce. Gershon ya koma ya jingina. Hammawa ya fara cewa ai ramukan ne, sai katin Rabaran ya ƙare.

Suka fitar da ita waje suka yi shawara. Da aka kira ta, Rabaran Silvanus ya yi magana yana kallon agogon bango. Ya ce hannu uku ne a cikin lamarin: wanda ya huda, wanda ya kai rahoto, da wadda ta zuba fetur, wato ƙwaƙwalwar mota. Wanda ya huda dattijo ne, ba a horon dattijo sai da izinin gunduma, kuma niyyarsa ɗaukaka ikilisiya ce. Ƙwaƙwalwa in aka cire ta motar ba za ta tashi ba, ga taron mata na ƙaratowa. Saura ɗaya. An sa sansa a ƙarƙashin horo.

Ta tsaya tana jiran sauran. Da ta ga ya fara tattara takardunsa, ta ce, "Ni fa, Rabaran?"

Ya ce ai ƙofa a buɗe take, Mama. Hanyar fita daga bencin baya ɗaya ce tun zamanin mishan: mutum ya fito gaban jama'a ya ce ya yi zunubi, ya tuba, a karɓe shi da waƙa.

"In tuba daga me?"

"Daga abin da aka kira sunanki a kai."

"Yanzun nan da bakinka ka ce ƙarfe ne ya yi."

Ya ce haka ne, shi ya sa ma ba zai ba ta shawarar ta ce ta yi sata ba, don in ta faɗi haka ta yi ƙarya a gaban bagade, ƙarya kuma bencin baya ce. Ta ce to ya hau bagade ya ce an yi kuskure. Ya ce tsarin ikilisiya ya tanadi shiga horo, ya tanadi tuba, bai tanadi kuskure ba, amma zai sa a yi mata addu'a ta musamman. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada a manta mai shaidar zur ɗin a gidanta ya daɗe yana kwana.

Washegari Gershon ya zo da sifana, ya shige ƙarƙashin mota a tsakar gidanta, ya kwance sansa, ya bar ramukansa yadda suke. Ramin da sansa ya bari ma ya ce ya ƙara wa muryar kauri. Motar ta rasa mai shaƙar mata hayaƙi, ta shiga zuba fetur da ka, tana tafe baƙin hayaƙi na bin ta kamar ana ƙona taya. Gershon ya ce wa dattawa da alama sansa yana da abokai a ciki, za a bi su a hankali.

Ranar Lahadi aka shimfiɗa farin hankici a bencin baya, tsakanin Mama Hulda da Serah, aka kwantar da sansa a kai da guntuwar wayarsa. Rabaran ya karanta sanarwa, ya kira shi da cikakken suna kamar yadda Hammawa ya faɗa a waya, ya ja kunnen matasa su ɗauki darasi. Babu wanda ya yi dariya. Serah ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ƙanƙani da shi, ta tambaya a hankali ko yana sha. Mai zagayawa da kwanon tara kuɗin baiko ya iso gabansa ya ɗan tsaya, sannan ya wuce.

Bayan wa'azi aka zo lokacin kiran masu tuba. Bisa al'ada dattijon da ke kan aiki a makon shi ke takowa har baya ya tambayi kowane mai horo ko ya shirya. Makon na Gershon ne. Ya tako a hankali, takalminsa na ƙara. Ya tambayi Serah, ta ce tukuna, Baba, akwai dawa a jiƙe. Ya sunkuya kan hankici, ya yi tambayar da muryar da kowa zai ji, ya jira. Majami'a ta yi tsit tana jira tare da shi. Ya ɗago ya sanar da cewa zuciyarsa ta taurare. Sannan ya juyo ga Mama Hulda, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya ce 'yar'uwa, ko kin shirya?

Ta dafa kafaɗar Serah ta miƙe. Ba ta kalle shi ba, bagade ta kalla. Ba ta ɗaga murya ba, amma daga bencin baya zuwa gaba babu wanda bai ji ba.

"Rabaran Silvanus, ban ɗebi fetur ɗinku ba, ko na cikin cokali. Kai ka sani, dattawanka sun sani, wannan da ke tsaye a kaina ya fi kowa sani. Ƙarfen nan ba shi da jikoki a garin nan, ni ina da su, ana nuna su a makaranta. Ba zan tuba ba, ba kuma zan zauna ba. Bakinka ne ya kira sunana daga nan inda kake tsaye. Kada a ta da waƙa, kada a rufe da addu'a. Ka dubi jama'ar nan ka faɗa musu wa zai amsa abin da aka yi mini, mutum mai baki, ba ƙarfe ba. Ina tsaye, ina jira."